Shekarar da Inna Ta Daina Tashi

Mahaifiyata ta daina tafiya a daminar da sabulu ya ɓace daga kasuwa. Ba ta shanye ba, ba ta karye ba, ko zazzaɓi ba ta yi ba. Wata Asabar kawai na zo gida Kudan na tarar da ita zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na dawo mako na gaba na same ta a nan, na sake dawowa tana nan, har na fara tunanin ko tabarmar ma ba a naɗe ta. Matar da take ɗora kwandon mazarƙwaila a ka ta kai tasha, ta je Makarfi ranar kasuwa ta dawo kafin la'asar tana zage-zage da yaron mota a kan canji, ita ce yanzu ake kawo wa buta a ɗauke, a kawo kwano a ɗauke. Salla ma a zaune take yi.

Ni a lokacin malamin asibiti ne, haka mutane ke kirana, a wani ɗan ɗakin shan magani da ke bakin hanya ta wajen Dandamisa. Zamanin soja ne, shekarun da rediyo ba ta da magana sai a tsuke bakin aljihu, alhali aljihun ma ya huje. A kan kantocinmu babu komai sai kwalaben da muka wanke muka jera don kada wurin ya zama kango. Mutum zai zo da ciwonsa, in duba shi, in rubuta masa sunan magani, ya ninke takardar ya cusa a hula ya yi godiya. Na san ba zai saya ba, shi ma ya san na sani. Duk da haka ina jin kaina, don ko ba komai na iya gane ciwo idan na gan shi. Sai ga ciwo a cikin gidanmu, a jikin matar da ta haife ni, na rasa ta inda zan kama shi.

Ni ne ɗan farinta. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta wuce misali. Tun yaye kakata ta ɗauke ni, ban dawo gidan ba sai da na isa makaranta. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Idan na durƙusa na gaishe ta, gefe take kallo ta amsa, kamar bango ne ya yi gaisuwar. Idan tana son in ci abinci sai ta ce, "A ce wa wancan tuwonsa na hucewa," ko da kuwa babu kowa a tsakar gidan sai ni da kaji. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Na san ita ce ke zaɓo mini tsokar da ta fi girma, na san ita ta sayar da akuyarta na tafi karatu. Haka muka taso, kuma da ba ta zauna a tabarmar nan ba, da ban taɓa ganin aibin abin ba.

Don haka duk binciken da na yi mata, ta bakin ƙanwata na yi shi, autarmu, wadda ke aure a bayan layinmu. Zan tsuguna a tsakar gida, tsakanina da Inna bai fi tsawon taɓarya ba, in ce, "Auta, tambaye ta ina ke mata ciwo."

Auta ta juya ta ce, "Inna, wai Yaya ya ce ina ke miki ciwo?"

Inna ta dubi rumbu ta ce, "A ce masa lafiya lau."

"Tambaye ta ko jiri take gani."

"Inna, wai jiri?"

"A ce masa ya sha ruwa, ya sha hanya."

Haka za mu yi ta yi har in ji kamar in fasa ihu. Na kawo man zafi, na kawo ƙwayar sanyin ƙashi da na sayo a Zariya da tsadar da har yau ban yafe wa mai kantin ba. Auta ta auna mata jini da na'urata ina daga nesa ina faɗa mata yadda za ta ɗaura, jini lafiya lau. Na ɗauki shatar mota muka kai ta babban asibiti, mata suka cicciɓe ta, aka ɗauki hoton ƙugu da gwiwa. Likita ya ɗaga hoton a taga ya ce ƙashi ƙalau, tsufa ne. Wane irin tsufa? Yayarta, wadda ta goya ta, tana nan tana zuwa itace.

Mutanen unguwa kuwa kowa da nasa. Wannan ta ce iska ce, a yi turare. Wancan ya ce ta taka wani abu a hanyar kasuwa, a nemo rubutu. An yi turaren, an sha rubutun. Matar ƙanena, wadda ke gidan tare da ita, ta fi kowa ba ni haushi, don ita cewa take, "Ai Allah ne ya hutar da Inna, ta sha wahala." Ba ta barin Inna ta miƙa hannu ko ga ludayi. Baƙi su zo su ga yadda ake rawar jiki a kanta, su yi ta sa mana albarka, wai mun iya biyayya. Ni kuwa ƙafafunta nake kallo ta ƙasan ido, ina ganin yadda ƙwaurin ke sirancewa. Abin da na sani shi ne, ƙafar da aka daina takawa mutuwa take yi, kuma ba ta jiran mai ita.

Sai na ƙara yawan zuwa. Duk Asabar ina tafe a kan kekena, ranar tsaftar gari kuma in jira soja su buɗe hanya sannan in taho. Zan je in tsaya kusa da ita in miƙa hannu in ce, "Auta, ce mata ta kama ni ta tashi, ba zan bari ta faɗi ba." Inna sai ta damƙe bakin tabarma da hannu biyu, gumi ya keto mata a goshi. Na lura duk sa'ad da na ƙara matsawa, abin ƙara lalacewa yake. Na koma wurin aiki ina saƙe-saƙe. Ko fushi take da ni? Ko wani abu aka faɗa mata? Ko kuwa da gaske iskar ce, ni ne na yi karatun banza?

A Ikara ofishin lafiyarmu yake a lokacin, can muke taruwa ƙarshen wata. Shugabarmu wata Kirista ce daga kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata, gajeriya, mai faɗa, wadda ta daɗe a cikin Hausawa har tana yi mana ba'a da Hausar da ta fi tamu kaifi. A wani taro muka yi ta ƙorafin babu magani, babu allura, babu man babur. Ta bar mu muka gaji, sannan ta ce tunda babu magani, sai mu yi aikin da ba ya bukatar magani. Ta ce ta yi shekaru a ɗakin kwanciyar mata, ta ga tsofaffi da yawa waɗanda suka faɗi sau ɗaya, suka warke sarai, amma tsoron sake faɗuwa ya zaunar da su, zaman kuma ya ƙarasa su. Ta ce mu nemo irinsu tun ƙafarsu na da sauran ƙarfi. Gwajin ba wuya: a ajiye kujera, tsoho ya zauna, ya tashi ba tare da an kama shi ba, ya taka zuwa bango ya dawo. Sai a tambaye shi ko tsoron faɗuwa ya hana shi zuwa masallaci, ko coci, ko kasuwa, ko ma banɗaki. Ta ce a wurina za a fara, za ta zo da kanta.

Na je na faɗa wa dagaci, dagaci ya faɗa wa mai shela. Mai shela ya zaga gari yana cewa gwamnati na son ganin duk wani tsoho da tsohuwa gobe a asibiti, wanda ya ƙi zuwa ya kuka da kansa. Wannan na ƙarshen shi ya ƙara, don a zamanin duk sanarwa da haka take ƙarewa. Gari na wayewa na tarar da tsofaffi sun yi layi a miƙe, maza daban mata daban, babu mai tari. Abin da ban sani ba shi ne, kafin su kwanta labari ya riga ya rabu biyu. A wajen maza an ce duk wanda aka ga ba shi da ƙarfi za a cire shi daga rabon takin zamani. A wajen mata an ce masu rauni za a ba su madara da shinkafa.

Tsoho na farko jikokinsa ne suka turo shi a kan keke. Na ce, "Baba, kana jin tsoron faɗuwa?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tsoro? Ni? Yaro, tsoro sai na Allah." Ya yar da sandarsa, ya miƙe zumbur, ya tafi bango yana buga ƙafa irin ta soja, ya juyo da sauri har sai da na tare shi kada ya sha ƙasa. Ya ture hannuna ya ce kunya goma yake nomewa a gona kafin hantsi. Duk mazan haka suka yi, har da wani makaho.

Da aka zo kan mata sai abin ya juye. Wata tsohuwa da na gani da idona da asuba tana jan guga, ta zauna a kujera ta ce ai ita rabonta da tashi da kanta tun bara. Na ce, "Iya, ba ke na gani a rijiya ba?" Ta ce, "Ɗan nan, ƙanwata ce, kama muke." Wata kuma ta fara nishi tun kafin in buɗe baki. Kafin azahar mun gama, sakamakonmu shi ne duk mazan garin zakuna ne, duk matan kuma saura ƙiris. Da aka gane babu madara babu taki, suka watse suna tsine wa mai shela, wadda ba ta iya tashi tun bara tana gaba.

Sista ta yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba, kaina ya ɗaure. Na ce mata to yanzu me muka gano? Ta share ido ta ce ita ma ba ta da tabbas, amma ta ga wasu 'yan kaɗan da ba ta yarda da su ba, kuma ba a cikin masu surutu suke ba. Ta ce, "Ba ka ga waccan mai baƙin mayafi ba? Ba ta ce tana tsoro ba, ba ta ce ba ta yi ba. Amma tun da ta shigo idonta na ƙasa, hannunta na neman bango. Da na ce ta tashi, kujerar ta damƙe tana gumi."

Na ce, "Sista, haka mahaifiyata take yi da tabarma."

Na ba ta labari tun daga farko. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, kana da ita a gida, ka tara mini mutanen gari suna yi mini wasan kwaikwayo? Ka tambaye ta ko ta taɓa faɗuwa?"

Na ce na sa an tambaye ta, ta ce lafiya lau. Na ce ni ɗan fari ne.

Ta ce, "Ku da kunyarku, wata rana sai ta kashe wani. Ranar Lahadi in na taso coci ka jira ni a tasha."

Ta zo kuwa, da ƙurar motar kasuwa a gira. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, aka yi ta gajiya da iyali da damina da mutanen Ikara, Inna na amsawa fuska a sake, don tana son baƙi. Sista ta sa aka kawo kujera, mata suka ɗaga Inna suka ɗora ta. Ni kuma na matso na tsaya a gefenta, hannuwana a buɗe, yadda aka koya mana. Sista ta ce, "Mama, ki tashi mu gani." Inna ta damƙe kujerar. Sista ta ce, "Mama, kin taɓa faɗuwa?" Inna ta dubi rumbu ta ce lafiya lau. Sista ta dubi Inna, ta dube ni, ta sake duban Inna.

Ta ce, "Malam, je ka sayo mini rake."

Na ce ai ga rake nan jibge a zaure, na gonarmu.

Ta ce, "Na ce ka sayo. Na nesa nake so."

Na fita raina a ɓace. Ni da gidanmu, ni da uwata, ni da aikina, a kore ni kamar yaron aike. Ban sayi komai ba, na je bakin fadama na zauna ina jifan kwaɗi har rana ta karkata. Da na dawo na tarar da Sista zaune ita kaɗai a zaure, ta cire takalmi, fuskarta ba dariya. Ta ce in zauna.

Ga abin da Inna ta faɗa mata. A farkon damina, wata Asabar, ta shiga banɗaki wanka, ta rataye zaninta a danga, ta taka gansakuka santsi ya kwashe ta. Ƙugunta ya bugu, ta kasa tashi. Ta buɗe baki za ta yi kira, sai ta ji muryata a zaure, na iso ke nan ina gaisawa da ƙanena. Ta san idan ta yi kira ni ne zan riga kowa shiga, tunda ni ne malamin asibiti. Sai ta rufe bakinta. Ta kwanta a cikin ruwan nan, ba sutura, tana jira in tafi.

Na tuna ranar sarai. An ce mini tana wanka, na ce bari in jira ta fito in gaishe ta, don ba na tafiya ban gaishe ta ba. Na zauna na sha rake, na yi hira, na yi sallar azahar, har na fara ƙunƙuni cewa wannan wanka ya yi tsawo. Da na gaji na hau kekena na tafi ina jin haushi. Sai bayan nan ta yi kira, matar ƙanena ta shiga ta rufe ta, ta jawo ta ɗaki, Inna ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ciwon ƙugun bai yi mako ba ya wuce. Amma tun ranar ta yi lissafinta: in ta sake faɗuwa, ni za a kira, ni zan ɗaga ta, ni zan duba ƙugun. Gara ta zauna.

Na rasa abin da zan ji. Tausayi ya zo, kunya ta zo, amma fushi ya fi su sauri. Na ce, "To ni dodo ne? Wannan fa shi ne aikina. Iyayen mutane nawa na ɗaga, nawa na duba?"

Sista ta ce, "Na mutane ka duba." Sannan ta ce, "Ta tashi fa. Kana fita ta dafa kafaɗata ta miƙe. Mun je rijiya mun dawo. Ƙafar na rawa, amma tana nan."

Na miƙe zan shiga in gani. Ta riƙe mini riga. Ta ce Inna ta yarda za ta ci gaba da takawa, amma da sharaɗi. In ta faɗi, ba za a aika a kira ni ba. In ma na ji labari na zo, ba zan wuce zaure ba. Sista za a kira, ita ta ɗauki wannan alkawari.

Na ce, "Daga Ikara? In kanta ne ya fashe fa? In jini ne yake zuba? Ina nan kusa, sai a tsallake ni a tafi wata uwa duniya?"

Ta ce, "Ni ma ban san ko daidai ne ba, Malam. Abin da na sani, in ta ci gaba da zaman nan, kafin wata daminar ba ta da ƙafa. Kai za ka zaɓa."

Ban zaɓa a ranar ba. Mako guda na yi ina juya maganar, ina duba marasa lafiya ina mantawa da abin da suka ce. Wane irin ɗa ne zai yi alkawarin ba zai zo ba in uwarsa ta faɗi? Wane irin ɗa ne kuma zai zaunar da uwarsa har ta mutu, don kawai yana son ya zama shi ne mai ɗaga ta? Duk ta inda na bi sai in ga ni ne mai laifi, kuma na rasa laifin da na yi. Asabar ta zagayo na je, na durƙusa na gaishe ta, na saci kallon ƙwaurin nan, na koma zaure. Na sa Auta ta tsaya a bakin ƙofa. Na ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji, na ce a faɗa wa Inna na yarda, ko ta faɗi ba zan shiga ba. Auta ta juya ta maimaita, kamar ba a ji ba. Sai muryar Inna ta fito, "A ce ya rantse." Na rantse.

Daga nan sai labarai. Ƙanena ya kankare banɗakin ya zuba tsakuwa, ya kafa itace a gefe don dafawa. Auta na zuwa kullum da hantsi su zaga tsakar gida. An ce ta kai madafi. An ce ta yi salla a tsaye. An ce ta shiga maƙwabta barka, an ce har ta fara yi wa matar ƙanena faɗa a kan gishiri. Duk an ce ne. Ni da zarar na yi sallama, kafin in wuce zaure ta riga ta zauna a tabarmarta, a inda na saba ganinta, tana kallon rumbu. Sai shakka ta kama ni. Anya ba haɗa baki suka yi don su kwantar mini da hankali ba? Na kai ga ina ɗaukar silifas ɗinta a ɓoye ina duba ko akwai ƙura a ƙasansa, ni da gemuna. Wata rana in ga ƙura, wata rana in ga an wanke. Na tambayi matar ƙanena ta ce, "Ai Inna sai godiya," wanda ba amsa ba ce.

Muna nan har rani ya shigo, aka fara yankan rake. Wata safiya ina tsaye a ƙofar ɗakin shan magani sai ga babur a guje daga wajen Kudan. Ƙanena ne, a kan babur ɗin aro. Na ɗaga hannu. Ya kawar da kai yana kallon gonakin ɗaya gefen kamar bai taɓa ganin gona ba, ya wuce ya nufi hanyar Ikara. Ba sai an faɗa mini ba, Inna ta faɗi, Sista za shi ɗaukowa.

Na kulle ɗakin, na ɗauki jakata. Abin da ke cikinta bandeji ne da auduga da almakashi da ɗan sauran maganin wanke ciwo da nake ɓoyo. Ban san yadda na tuƙa keken nan ba. Na faɗa zaure ina haki, na tarar da Auta tsaye a ƙofar shiga gida, ta saki asabari ta tare da jikinta.

Ta ce, "Yaya, ka rantse."

Na ce, "Akwai jini?"

Ta ce, "Kaɗan, a goshi. Da hannu."

"Tana magana?"

"Tana yi. Ta ce in ka zo a tuna maka."

Na zauna a kan dakali, jakar a cinyata. Ina jin nishinta daga ciki, sama-sama, irin na mai ƙoƙarin kada a ji. Na faɗa wa Auta ta danna tsumma mai tsabta a goshin, kada a ba ta komai ta sha, a duba ko tana amai, ko idonta ya juye. Auta ta shiga ta fito ta ce babu. Ban yarda da idon Auta ba, amma shi kaɗai nake da shi. Na miƙe na zauna ban san sau nawa ba. Na yi azahar a zauren ban san abin da na karanta ba. Na yi ta ce wa kaina rantsuwa tana da kaffara, in shiga kawai in yi azumi daga baya. Sai in tuna ba azumin ne matsalar ba. In na ɗaga asabarin nan yau, ko ta warke ba za ta sake tashi ba. In ban ɗaga ba kuma, wataƙila jini ne ke taruwa a kanta ina zaune a nan ina gadin alkawari. Na tsani Sista a wannan yinin, na tsani al'adar, na tsani kaina da na zo duniya a farko.

Sai bayan la'asar babur ya tsaya. Sista ta sauko tana ɗingishi saboda dogon zama, hannunta babu komai, don ofishin ma babu abin ɗaukowa. Ba ta gaishe ni ba. Ta miƙo hannu ta karɓi jakata ta shige. Jakar ta shiga, ni ina zaune.

Ta daɗe kafin ta fito. Ta tsuguna a ƙofar zaure Auta na zuba mata ruwa tana wanke hannu. Ta ce goshin ya ɗan tsage, ta wanke ta rufe, wuyan hannu ya gurɗe, ta ɗaure, babu karaya. Ta ce daga maƙwabta Inna ke dawowa da kwano a hannu ta yi tuntuɓe da dutse. Ta ce, "Kuma da kanta ta tashi. Kafin kowa ya zo ta miƙe ta shigo gida da ƙafarta."

Na ce, "Da kan ne ya fashe fa, Sista? Da yanzu me za ki ce mini?"

Ta ci gaba da murza yatsunta, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ban sani ba, Malam."

Ni ma har yau ban sani ba. Na yi shekaru ina wannan gwaji a ƙauyuka bayan nan, na zaunar da tsofaffi a kujera na tashe su, amma har yanzu ina tambayar kaina ko abin da na yi a zauren nan daidai ne.

Ƙanena ya mayar da Sista tasha. Auta ta tafi gidanta ɗora tukunya. Na rage ni kaɗai, bayana jingine da bango kusa da ƙofar, na kasa tashi in kama hanya. Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba. Sai na ji taku daga cikin gida. Silifas ne ake ja a hankali, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya nauyi, a taka a tsaya, a taka a tsaya. Ya ratso tsakar gida, ya wuce rijiya, ya zo daidai bayan asabarin ya tsaya. Ina jin numfashi. Aka yi gyaran murya sau ɗaya, kuma na san muryar, ta Inna ce.

Ta daɗe a tsaye a wurin, ba ta dafa kowa ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa, hawaye na zuba a kan rigata. Can sai takun ya juya, ya koma ciki a hankali, ina saurare har ya kai ƙofar ɗakinta.